Kambamawa da Gwama Kishiyoyi a Ƙagen Labari da Zanen Hannu





Abin da za a tattauna a kansa a wannan lacca dabaru ne guda biyu waɗanda mai ƙaga labari da mai zane suka yi tarayya a cikinsu, ko da yake ɗaya da alƙalami yake aiki, ɗayan kuwa da allura ko aska ko yumɓu. Ta farko ita ce kambamawa, watau a ɗauki abu a kai shi inda bai kai ba, a girma ko a ƙanƙanta, a kyau ko a muni. Wasu manazarta suna kiranta kambamar zulaƙe. Ta biyu ita ce gwama kishiyoyi, watau a ajiye abu dab da wanda ya saɓa masa, domin kowannensu ya fito da ɗan'uwansa fili. A littattafan nazari akan ware wa kowace babinta, ɗalibi ya haddace, ya kawo misali biyu ranar jarrabawa, shi ke nan. Abin da ake so a nuna a nan shi ne cewa dabarun nan ba su rabuwa. Kambamawa ba ta da ma'auni sai an gwama ta da kishiyarta, kuma duk inda aka bar ta ita kaɗai, ko dai ta zama hayaniya ko ta zama ƙarya.

Kalmar kishiya ita kanta abar lura ce. Bahaushe bai je nesa ba da ya tashi neman sunan abin da ke gaba da wani abu. Cikin gida ya shiga ya ɗauko. Fari kishiyar baƙi ne, dare kishiyar rana, kamar yadda Mowa take kishiyar Bora. Kuma kowa ya san ba a kiran mace Mowa a gidan da ita kaɗai ce matar aure.

Tun kafin boko ya iso ƙasar nan malaman zaure sun san wannan magana, har sun yi mata rabe-rabe. Duk wanda ya yi karatun balaga a Sakkwato ko Gwandu, ya bi ta kan Uƙudul Juman na Suyuɗi, wanda shi ma waƙe littafin Talhisul Miftahi na Ƙazwini ne, ya san babin mubalaga. Malaman balaga sun kasa ta uku. In abin da aka faɗa hankali zai ɗauka, kuma akan ga irinsa a al'ada, sai su ce tabligi. Alal misali a ce manomi ya yini yana huɗa bai zauna ba. In hankali zai ɗauka amma ba a saba ganin irinsa ba, sai su ce igraƙi. Kamar a ce wani attajiri tun da ya yi gida bai taɓa cin tuwon dare ba sai da baƙo ɗari a zaurensa. In kuwa hankali da al'ada duka sun ƙi abin, shi ne guluwwi. Kamar a ce ɗan dambe ya kai naushi a Sakkwato, ƙasa ta girgiza a Argungu. Na farko da na biyu ba su da laifi a wurinsu. Na uku ne suka yi wa sharaɗi, suka ce ba a karɓarsa sai in an saka masa wata kalma da za ta jawo shi kusa da gaskiya, ko ya zo da kyakkyawar surantawa, ko kuwa ya zamana an san wasa ake yi. Kalmomin da suke nufi su ne irin waɗanda Bahaushe ke cewa "kamar", da "sai ka ce", da "saura kaɗan". Ke nan tun can malamai sun gane cewa kambamawa tana bukatar wata alama tsakanin mai magana da mai sauraro, wadda za ta sanar da shi inda gaskiya ta tsaya da inda ado ya fara. Gwama kishiyoyi kuwa suna kiranta ɗibaƙi, in kalma ce da kalma, ko muƙabala, in jeri ne da jeri.

Tsohuwa mai tatsuniya ba ta karanta Suyuɗi ba, amma ba ta saɓa wannan sharaɗi. Tana buɗewa da kalmomin da ke shaida wa yara cewa an bar duniyar nan an shiga wata, in ta ƙare kuma ta jingina ƙaryar da ta yi a kan Gizo. Tsakanin buɗewa da rufewa tana da izinin ta sa cinya ta yi magana, ta sa kitsen saniya ya zama budurwa. Tatsuniyar Ruwan Bagaja ta isa misali. 'Yar Bora ta tafi wanki ruwan Bagaja, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar a hanya, a ruwayar da aka fi sani kuma da aka ce ta zaɓi ƙwai sai ta ɗauki ƙarami, ta fasa, dukiya da dawaki da bayi suka fito. 'Yar Mowa ta bi hanyar nan tak, ta yi wa kowa tsiwa, ta ɗauki babban ƙwai, ta fasa, ta ga abin da ya ishe ta. Da 'yar Bora kaɗai aka aika, da yaro ya ji labarin mai sa'a, ya yi barci. Tafiya ta biyu ita ce ta mai da tafiya ta farko darasi. Dukiyar da ta fito daga ƙaramin ƙwai guluwwi ce tsantsa, amma da babban ƙwai ake auna ta.

Haka abin yake ga makaɗan baka, waɗanda ƙasar Sakkwato ta fi ko'ina arzikinsu. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa, ko Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar III, ko Musa Ɗanƙwairo, ya san makaɗin fada ba ya zuga ubangidansa a fili fetal. In ya kira shi giwa ko zaki a wannan ɗan waƙa, to a na gaba akwai wani ɗan sarki mai harin gadon sarauta da za a yi wa zambo, a kumbura masa ciki, a tsawaita masa wuya, a mai da rowarsa abin dariya. Zuga da zambo tagwaye ne. Ɗan Anace da ya haɗa Shago da mutuwa da kabari, bai bar shi shi kaɗai a fage ba, sai da ya jero mazajen da suka tunkare shi, ya kambama su su ma, domin kayar da rago ba abin kirari ba ne. Kuma duk wanda ke wurin ya ga kalangu ko kotso a hannun makaɗi, ya san sana'a ake yi. Kayan kiɗan nan su ne "sai ka ce" ɗin makaɗi.

A nan ya kamata a yi togaciya guda. Waƙoƙin wa'azi na Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Nana Asma'u cike suke da gwama kishiyoyi: duniya da lahira, wuta da aljanna, tsoratarwa da kwaɗaitarwa, mai mulki da adalci da mai cin amanar talakawa, kamar yadda yake a Tabbat Haƙiƙa. Amma kuskure ne ɗalibi ya ga siffar azaba ko ta ni'ima a cikinsu ya rubuta cewa kambamawa ce. Masu waƙoƙin abin da suka karɓo daga nassi suke isarwa, ba ƙari suke yi don ado ba. Gwama kishiyoyi tana iya tsayuwa ba tare da kambamawa ba. Kambamawa ce ba ta iya tsayuwa ita kaɗai.

Ƙagaggun labarai na farko

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙage da boko. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa wahalar da ya fi sha ita ce ta shawo kan malamai su yarda cewa rubuta abin da bai faru ba aiki ne da ya dace da mai ilmi, domin a ganinsu wannan fagen mata da yara ne. Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Tsoron malaman nan na ƙarya ba abin raini ba ne, kuma uku daga cikin littattafan ana iya karanta su a matsayin amsoshi uku ga wannan tsoro.

Ganɗoki ya fi cancanta a tsaya a kansa a wannan birni. Jarumin littafin mayaƙi ne da ke ba yara labarin yadda ya yi artabu da Turawa tun daga yaƙe-yaƙen Kwantagora da Bida, har ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Yana kirari, yana sara, maza suna zuba a gabansa kamar ana girbin gero. Wanda ya karanta wannan a yau yana iya cewa cika baki ne kawai. Amma a tuna da waɗanda aka rubuta wa littafin. An buga shi shekara 31 kacal bayan ranar 15 ga Maris 1903, ranar da rundunar Sarkin Musulmi ta tsaya a filin Giginya, a bayan ganuwar birnin nan, da takubba da masu da kibau da 'yan bindigogi, ta fuskanci bindiga mai ruwa da igwa. Ba a kai rabin yini ba aka watse, sai waɗanda suka tsaya wajen tuta suka ƙi gudu har aka kashe su a nan. A ranar 27 ga Yuli na wannan shekara Attahiru ya yi shahada a Burmi tare da jama'a masu yawa. A 1934 akwai dattawa da yawa da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu, Bello Kagara kansa yana yaro lokacin da aka ci Kwantagora a 1901. Babu mai karatun da bai san yadda yaƙin ya ƙare ba.

To, abin da marubucin ya yi shi ne ya kambama mutum, ya bar tarihi yadda yake. Ganɗoki yana kashe na kashewa, amma gari yana faɗuwa. Yana tsira da takobinsa, amma ƙasa tana tafiya hannun Nasara. Marubucin bai ce an kori Turawa ba, domin da ya faɗi haka da ya fita daga kambamawa ya shiga ƙarya, kuma da tsofaffin da ke zaune a zaure sun tsai da mai karanta musu. Jaruntakar da ta wuce hankali an jingina ta da shan kaye da kowa ya sani, kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Iyakar girman Ganɗoki, iyakar zafin abin da aka rasa. Mutanen da aka ci da yaƙi suna bukatar wanda zai ce musu iyayensu ba ragwaye ba ne, makami ne ya fi makami, kuma wannan ita ce gaskiyar da ke ƙarƙashin kirarin Ganɗoki.

Hujjar wannan magana tana cikin littafin kansa. Da Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka bar ƙasar da aka sani suka shiga ƙasashen aljannu da dodanni, kambamawa ta ninka, yawan waɗanda ake kashewa ya ƙaru, amma labarin ya yi sanyi. Dalili kuwa shi ne babu sauran ma'auni. Mai karatu ya san ƙarfin bindiga mai ruwa, saboda haka ya san abin da ake nufi da mutum ya tunkare ta da takobi. Bai san ƙarfin aljani ba, saboda haka kashe dubu da kashe goma duk ɗaya ne a wurinsa. Sai da jarumin ya komo gida ya tarar da zamani ya juya, ga makarantun boko, ga mulkin da ya yaƙa ya zauna daram, sa'an nan labarin ya sake samun ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ƙanensa Abubakar Imam ya bi wata hanya. A Ruwan Bagaja, wanda ya ari sunan tatsuniyar da aka ambata amma ba labarinta ba, Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki domin ya wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada. Abin da ke riƙe da mai karatu ba ruwan ba ne. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne, wanda suke ta gamuwa da Alhaji gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama. Hikimar Imam ita ce bai yi su Mowa da Bora ba. Ba a ce ɗaya salihi ne ɗaya shaiɗan ba. Dukansu 'yan duniya ne, kowa gwanin makirci, bambancinsu kawai ɗaya yana da abin da ya fito nema, ɗayan yawo ne sana'arsa. Gwama kishiyoyin da suka kusa zama daidai ya fi wuya, ya kuma fi daɗi, domin mai karatu ba ya sanin wanda zai yi rinjaye a karo na gaba. Masu nazari sun daɗe da nuna dangantakar wannan tsari da Maƙamatul Hariri, inda mai ba da labari yake ta cin karo da Abu Zaidi a sabuwar kama. A Magana Jari Ce kuma, wanda ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, Imam ya koma ga gwami mai faɗi: ga Waziri da rawani da dakaru da makirci, ga ɗan tsuntsu a keji wanda ba shi da komai sai baki.

Shaihu Umar shi ne amsa ta uku, kuma ita ce ta fi ba da mamaki, domin kusan babu kambamawa a cikinsa. Malami ne zaune cikin almajiransa yana faɗin yadda aka sace shi yana yaro, aka kai shi har ƙasar Masar, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa cikin Sahara, aka bautar da ita, ba ta gan shi ba sai da ajalinta ya kusa. Ana faɗin wannan duka da murya kwance, ba kirari, ba kururuwa. Kishiyoyin da aka gwama a nan su ne sanyin muryar mai magana da munin abin da yake faɗi. Da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa uwar nan ta yi kukan da zai cika kogin Kwara, da an rage mata daraja.

Abin da ido ke gani

In aka bar takarda aka koma ga aikin hannu, sai a tarar da ƙa'idar nan ba ta sauya ba, har ma ta fi fitowa fili, domin ido ba ya jiran a yi masa bayani.

Babbar riga kambamawa ce da ake sawa a jiki. Faɗinta ya wuce hannuwan mai ita ko ya miƙe su iyakar miƙewa, har sai ya naɗo ta a kafaɗa, kuma amfanin wannan yadi da ya yi yawa shi ne ya mai da mutum ɗaya ya cika ƙofar zaure. Amma a duba inda maɗinki yake zuba aikinsa. Aska takwas ko aska biyu, da tambari da sauran zane, ana tara su ne a wuya da kan aljihu, wajen hagu na ƙirji, su haura kafaɗa su sauka baya. Sauran rigar, wanda shi ne mafi yawa, a bar shi fili. Maɗinkin da ya yi wata da watanni yana tsaga da allura bai rasa zaren da zai rufe rigar duka ba. Ya san in ya rufe ta, askar ba za ta yi tsini a ido ba. Filin da bai taɓa ba shi ne rabin aikinsa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya yi dogon nazari a kan wannan ɗinki, kuma ya kamata ɗaliban adabi su san aikinsa kamar yadda ɗaliban zane suka san shi. Wanda ya ga irin rigunan da keken ɗinki ke cikawa da aiki tun daga wuya har gwiwa, zare a kan zare, ya ga yadda wadata take kashe ado.

Dukawan Sakkwato su ma haka. Fatar jar akuya, wadda ta ratsa Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ana jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Baduku ba ya barin jan nan shi kaɗai a kan titimi ko jaka ko linzami. Yakan kewaye shi da baƙi, ya tsaga siririn kore ko fari ya ratsa, domin ja a kan ja ba ya ihu. Ranar hawan salla ma abin da ake gani ke nan: dogarai cikin ja da kore, 'yan lifida sun kumbura doki da mahayi har sun ninka girmansu, kwalkwali da gashin jimina ya ƙara musu tsawo, sa'an nan a tsakiyar wannan hayaniyar launi ga Sarkin Musulmi cikin farare. Ba a bukatar sanƙira ya nuna shi.

Mafi kusa da ɗalibi duka shi ne rubutun Alƙur'ani na hannu. Gwani yana rubuta haruffa da baƙar tawada, ya sa wasali da ja, hamza da rawaya, ya ƙawata kan sura da wuraren hizbi da zayyana, ya bar gefen takarda fili. Yaron makarantar allo kuwa matakin karatunsa na farko sunansa babbaƙu, na biyu farfaru. Har yau a ajin nahawun boko harafin da ba wasali ba baƙi ake ce masa. Watau Bahaushe da sunan launi da kishiyarsa yake shiga karatu tun ranar farko.

Akwai kuma wata shaida da ta girmi duk waɗannan. A ƙasar Sakkwato da Katsina an tono sassaƙe-sassaƙen yumɓu na mutanen da suka zauna nan tun kafin zuwan Musulunci da nisa, waɗanda masana ke dangantawa da zamanin Nok, watau shekara 2,000 ko fiye. Waɗanda ake kira salon Sakkwato ana gane su da babban kai da gira mai nauyi wadda ta rufto kan idanu, har fuskar ta yi kwarjini irin na dattijon da ba a kawo wa wargi. Mai ginin ya san girar mutum ba ta kai haka ba. Ya zaɓi gaɓa guda ya ƙara mata, ya sassauta sauran, kamar yadda masu sassaƙan ƙasar Yarabawa suke girmama kai fiye da jiki, masu zanen Masar ta dā kuma suke yin Fir'auna ya ninka bayinsa tsawo. Abin takaici shi ne yawancin waɗannan kayan tarihi masu haƙar sata ne suka fitar da su zuwa kasuwannin Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Wanda ke son ganinsu yau ya fi samunsu a littattafan gwanjo na Faransa da Beljiyam.

Kambamawa tana da haƙori in ta sami gwani. A Faransa, a ƙarshen 1831, mai zane Honoré Daumier ya zana Sarki Louis-Philippe a siffar wani ƙaton maciyi na tsohon labarinsu mai suna Gargantua, yana zaune da tumbi kamar rumbu, an kafa tsani zuwa bakinsa, ana ɗora masa kuɗin da aka karɓo daga talakawa. Talakawan an yi su 'yan mitsi-mitsi, ramammu, a gefen takarda. An ɗaure shi wata 6 a 1832. Da tumbin kaɗai ya zana, da abin dariya ne kurum. Ramammun nan da ke gefe su ne suka mai da zanen tuhuma. Hausawa ba su rasa irin wannan ba, sai dai su a jikin mutum suke zana shi. Yaron da ya cusa tsummoki a ciki ya manna gemun auduga a wasan tashe, da ɗan kama da ke kwaikwayon malami yana jan baƙi a kan tuwo da miya, da matan fada masu wasan gauta da ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, duk zane suke yi. Suna ɗaukar hali guda su kumbura shi har mai shi ya gane kansa, jama'a kuwa ga mutumin na ainihi a gabansu suna aunawa.

Marubutan baya da masu rubutun ofis

Tun daga shekarun 1980 ƙagaggun labaran Hausa suka yawaita ƙwarai, musamman daga Kano, kuma mafi yawansu a kan gwama kishiyoyi aka gina su: 'yar mai kuɗi da ɗan talaka, kamar a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko uwargida da amarya. Inda aka yi abin da kyau yana da ƙarfi. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Mowa da Bora ne suka dawo cikin birni, amma marubuciyar da kuɗin cefane take auna su, da abin da Rabi take samu ta ciyar da 'ya'ya 9 da abin da maigidan yake kashewa a waje. Mai karatu ya san farashin kwanon masara, saboda haka zaluncin yana da nauyin da za a iya ɗagawa. Inda aka gaza kuwa, kuma an gaza a littattafai da yawa, sai a tarar yarinya ta fi kowa kyau, saurayi ya fi kowa kuɗi, gidan ya fi kowane gida, motar ba a taɓa shigo da irinta ba, ƙawarta ma haka, wan saurayin ma haka. Kafin shafi na 20 mai karatu ya daina gani. Rigar keke ce aka cika da zare. Ɗalibin da ke sha'awar rubutu ya gwada wannan a kan abin da ya rubuta: ya ƙirga abubuwan da ya kai matuƙa a babi guda, in sun wuce ɗaya ya tambayi kansa wanne ne askar, wanne ne ya kamata ya zama filin riga.

Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure kada su ɗauka maganar ta tsaya ga masu tatsuniya. Yawancin rubutun da ake yi a ƙasar nan a ofis ake yinsa: jawabin maraba, rahoton shekara, takardar neman kuɗin aiki, rahoton sirri a kan ma'aikaci. Salon maroƙi ya daɗe da shiga waɗannan takardu, amma ya shiga ba tare da kalangu ba, ba kuma tare da zambo ba. Kowace rijiya da aka haƙa gagarumar nasara ce, kowane gini irinsa na farko ne, kowane shugaba ba a taɓa yin kamarsa ba, haka aka ce da wanda ya gada, haka za a ce da wanda zai gaje shi. Makaɗi in ya ce ubangidansa giwa ne babu wanda zai je neman haure. Amma rahoto in ya ce an kammala aiki alhali harsashi aka tona, akwai wanda zai sa hannu a biya, akwai kuma ƙauyen da za a cire daga lissafin shekara mai zuwa domin takarda ta ce sun sami ruwa. Haka nan shugaban sashe da ya rubuta wa ma'aikatansa 30 cewa kowannensu haziƙi ne ƙwarai, yana ganin alheri ya yi. Wanda ya cuta shi ne mutum ɗaya ko biyun da suka cancanci kalmar, domin ranar ƙarin girma babu abin da zai raba takardarsu da ta wanda ba ya zuwa ofis sai ranar albashi.

Ga ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kansa, akwai aikin da ke jira kusa da gida. A Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da gidajen sarauta, da hannun tsofaffin maɗinka da dukawa a shiyoyin cikin gari, akwai riguna da kayan doki da rubuce-rubucen hannu da za a iya aunawa da ma'auni: kashi nawa na riga aka yi wa aiki, kashi nawa aka bari, yaya wannan rabo yake a rigar da aka ɗinka kafin 1903 da wadda aka ɗinka bayan zuwan keke. Sa'an nan a ɗauki babi guda na Ganɗoki da babi guda na Shaihu Umar a yi musu irin wannan awo, jimla bayan jimla. Sashen Hausa da masu koyar da zane ba su cika zama a tebur guda ba, wannan aiki kuwa sai an haɗa su.